Darasi na Tara: Shingen Gefen Titi a Lokacin Mummunan Hatsari

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyi ya san dogon ƙarfen nan mai tudu biyu da kwari a tsakiya, wanda ake ɗaurawa a kan gajerun turaku a bakin gada, a kwana mai tsanani, ko inda titi ya bi ta gefen kwazazzabo. Ya kuma san katangar kankaren da ke raba hannun masu tafiya da na masu dawowa a tagwayen hanyoyi. Idan aka yi hatsari, aka iske ƙarfen ya lanƙwashe, turakunsa sun kwanta, gefen motar kuma ya lotse tun daga fitila har but, abin da 'yan kallo suka fi faɗa shi ne ƙarfen ba shi da ƙwari, ɗan kwangila ya ci kuɗin aiki. Wani lokaci gaskiyarsu ce. Sau da yawa kuwa wannan lanƙwashewar ita ce ainihin aikin da aka ƙera shi domin ya yi, ita ce kuma ta sa mutanen cikin motar suka fito da ƙafafunsu. Shinge ba ya hana hatsari aukuwa. Abin da yake yi shi ne ya karɓi hatsarin da zai kashe mutum ya mayar da shi wanda za a iya tsira daga gare shi, kuma yana iya yin hakan ne a cikin wata iyaka ta nauyi da gudu da yanayin karo, wadda aka auna aka sani.

Yadda shinge ke aiki

Gudu shi kaɗai ba ya kashe mutum a mota, tsayawar farat ɗaya ce take kashewa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya yi daidai da a ce an sako ta daga tsayin kusan mita 39, wato saman bene mai hawa 12 ko 13. Dole wannan ƙarfi ya ƙare a wani wuri kafin motar ta tsaya. Idan ta daki gindin ƙatuwar bishiya ko ginshiƙin gada, duk tsayawar za ta faru ne a cikin tazarar da gaban motar zai lotse, abin da bai fi mita ɗaya ba. A lissafi, wanda ke ciki zai ji an danne shi da kusan ninki 39 na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 zai ɗauki abin da ya haura tan biyu da rabi a ƙirji da wuya da ciki, in ma ya ɗaura bel ke nan. Da za a shimfiɗa tsayawar nan a kan mita 12, nauyin zai sauko zuwa ninki uku da 'yan kai, abin da jiki ke iya ɗauka. Masu sauke kankana daga mota sun san wannan ba tare da alƙalami ba: mai cafewa yakan bi kankanar da hannu ya ja ta baya kaɗan kafin ya tsayar da ita, domin in ya ƙame hannunsa fashewa za ta yi. Haka shingen kirki yake yi wa mota. Turaku suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya, ƙarfen yana miƙewa yana lanƙwasa, jikin motar yana goguwa, kowanne yana cinye wani kaso na dukan kafin ya isa ga fasinja.

Yadda motar ta haɗu da shingen ya ma fi wannan muhimmanci, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Motar da ta ƙwace wa direba ba kasafai take juyawa ta fuskanci gefen titi kai tsaye ba, a karkace take zamewa. Abin da ake nema daga shinge shi ne ya kashe ɓangaren gudun da ya nufi wajen titi, ya bar motar ta ci gaba da gogar jikinsa har ta lafa. Idan mota mai gudun 100 ta same shi a kusurwar digiri 25, gudun da ke tura ta waje kilomita 42 ne kacal a awa, dukan da shingen zai yi fama da shi kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da motar ke ɗauke da shi ba. Hatsarin da ya kashe Gimbiya Diana a Paris ranar 31 ga Agusta 1997 ya nuna abin da rashin wannan ragi ke jawowa. Motar ta shiga hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Alma da gudun kimanin kilomita 100, ta ƙwace, ta daki ginshiƙi na 13 cikin jerin ginshiƙan da ke riƙe da rufin, gaba da gaba. Bincike ya tabbatar direban ya sha barasa, gudunsa ya ninka abin da doka ta yarda a wurin, gimbiyar kuma ba ta ɗaura bel ba. Amma babu wani shinge a gaban ginshiƙan nan, alhali da akwai miƙaƙƙen ƙarfe, motar da ta zamo a karkace gogarsa za ta yi, ba za ta sami kankaren da zai tsayar da ita cak ba. Uku daga cikin mutum huɗun da ke motar suka rasu.

Shingayen da ake amfani da su iri uku ne, abin da ya bambanta su kuma shi ne yawan bayan da kowanne ke ja idan an doke shi. Na igiyar ƙarfe, wato wayoyi uku ko huɗu da aka ɗaure tamau a kan siraran turaku, shi ya fi sassauci: turakun suna kwantawa nan take, wayoyin su maƙale a jikin motar, su ja baya mita biyu zuwa uku kafin su dawo da ita. Shi ya fi tausaya wa fasinja, amma sai inda akwai filin ja da bayan. Na ƙarfe mai tudu biyu yakan ja baya kimanin mita ɗaya. Ƙarfinsa a haɗuwar dogon layin yake, domin kowane falle an ɗaure shi da na gaba da noti takwas, motar da ta doki wuri ɗaya kuma layin gaba ɗaya take ja. Shi ya sa falle biyu ko uku da aka kafa su kaɗai a gaban kwalbati, ba a ɗaure ƙarshensu a ƙasa ba, ado ne kawai. Na kankare ba ya motsi. Sanannen samfurinsa, mai tsayin santimita 81, an inganta shi ne a jihar New Jersey ta Amurka a shekarun 1950. Gindinsa yana da gangara domin taya ta ɗan hau, motar ta karkata ta koma hanya. A ƙaramar kusurwa yana aiki sosai, ba ya kuma bukatar gyara bayan kowane karo. A babbar kusurwa duk dukan yana komawa kan motar da mutanen ciki, ƙananan motoci ma kan hau gangarar su yi ƙundumbala. Mai cewa a zuba kankare ko'ina tunda ya fi ƙarfi bai yi la'akari da wanda ke zaune cikin motar ba. Wurin kankare shi ne inda babu filin ja da baya, kamar kan gada da ƙuntatacciyar tsakiyar tagwayen hanya, sai kuma inda manyan motoci suka yi yawa.

Iyakar abin da yake iyawa

Ba a sanin ingancin shinge da ido ko da kaurin ƙarfe, gwada shi ake yi da mota ta gaske. Ƙa'idar da ake bi a Amurka sunanta MASH, ta fito a 2009 aka sabunta ta a 2016. Ƙasashen Turai suna da tasu, EN 1317. Shingen da aka fi sawa a manyan hanyoyin Amurka sai ya ci jarrabawar mataki na uku: a sako masa ƙaramar mota mai kilo 1,100, sannan a-kori-kura mai kilo 2,270, kowacce da gudun kilomita 100 a kusurwar digiri 25. Da babbar ake ganin ko zai riƙe, da ƙaramar ake ganin ko ya cika tsauri ko tayarta za ta maƙale a turke. Kafin a ce ya ci, sai an ga motar ba ta fasa shi ba, ba ta haye shi ba, ba ta kutsa ta ƙarƙashinsa ba, ba ta kife ba, wani ɓangarensa bai huda wurin zaman fasinja ba. Mataki na huɗu ya ƙara da babbar mota mai tan 10 a gudun 90, na biyar kuma tirela mai tan 36 a gudun 80, dukansu a digiri 15. A lura da yanayin da ake yin jarrabawar a cikinsa: fili a daidaice, ƙasa an daɓe ta ta yi ƙarfi, turaku a zurfinsu, kowane noti a wurinsa, motar tana tahowa a miƙe a kan tayoyinta, ba tana juyi ba. Takardar shaidar shinge alkawari ce a kan wannan yanayi kaɗai.

Mummunan hatsari kuwa, mafi yawan lokaci, shi ne wanda ya fita daga wannan yanayi. Idan gudu ya ninka biyu, dukan ninka huɗu yake yi, don haka direban da ya taka zuwa 140 ya kusan ninka wa shingen nauyin aikinsa. In motar ta tsallako layi biyu ko uku kafin ta iso, kusurwar ta buɗe zuwa digiri 45, dukan ya kusan ninka uku ko da gudun bai canja ba. Tirelar gwajin mataki na biyar, duk da gudunta 80 ne kuma kusurwarta ƙarama, tana dukan shinge da kusan ninki huɗu na abin da a-kori-kura ke yi. Ga kuma matsalar tsayi. Ƙarfen da bai wuce santimita 70 zuwa 80 daga ƙasa ba a taya yake taɓa tirela, nauyin kayan kuwa yana can sama, sai ta yi tuntuɓe da shi ta kifa ta bayansa. Katangar da ke riƙe tirela takan kai santimita 107, wadda aka gwada da tankar mai kuwa ta haura mita biyu. Ke nan idan tanka ta murƙushe ƙarfen bakin gada ta faɗa kogi, mai yiwuwa ne ƙarfen na gaske ne, an dai sa shi a wurin da ya fi ƙarfinsa, wannan kuwa laifin mai zanen hanya ne. Motocin kansu ma suna canjawa su bar shinge a baya. Da dogayen motoci irin su jif da a-kori-kura suka yawaita a Amurka, sai da injiniyoyin Jami'ar Nebraska suka ɗaga tsayin ƙarfen zuwa santimita 79 a farkon shekarun 2000. A 2023 jami'ar ta gwada wannan shinge da a-kori-kura mai lantarki ƙirar Rivian, wadda batiri ya kai nauyinta sama da tan uku. A gudun kusan kilomita 100 ta keta ƙarfen ta wuce. Wata ƙaramar mota mai lantarki kuma, da yake nauyinta a ƙasa-ƙasa yake, ɗaga ƙarfen ta yi ta bi ta ƙarƙashinsa.

Wurin da ya fi ko'ina haɗari a jikin shinge shi ne bakinsa, inda ya fara. A nan lissafin kusurwa ya rushe, domin motar da ta zamo daidai wurin da tsinin ƙarfen take haɗuwa gaba da gaba. Tsofaffin shingaye da aka bar bakinsu a buɗe sukan huda gaban mota su ratsa ta tsakanin kujeru su fita ta baya. Maganin farko da aka yi shi ne a murɗe bakin a kwantar da shi cikin ƙasa. Wannan ya hana hudawa ya kawo wata cutar, domin bakin ya zama matakala, mota ta hau ta tashi sama ta kife, har hukumar manyan hanyoyin Amurka ta hana sa irinsa a hanyoyin gudu a shekarun 1990. Abin da ake yi yanzu shi ne a sa wa bakin wani kai mai faɗin fuska. Idan mota ta doke shi sai ya zame a kan ƙarfen yana tafiya da ita, yana matse ƙarfen yana fitar da shi gefe a nannaɗe, turakun farko suna karyewa, har motar ta tsaya cikin 'yan mitoci. Na'ura ce mai son awo daidai. A 2005 kamfanin Trinity ya rage faɗin wani sashe na samfurinsa ET-Plus daga inci biyar zuwa huɗu; wani mai irin sana'ar ya kai ƙara cewa sauyin yana sa ƙarfen ya cije ya huda mota, kotu a Texas ta sami kamfanin da laifi a 2014, tarar ta kai dala miliyan 663. Da aka sake gwada na'urar ta ci, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke hukuncin a 2017. Ko wane ɓangare mutum ya bi, a kan inci ɗaya aka kwashe shekaru ana shari'a. Mai waldar da ya yanko wani ƙarfe ya liƙa a bakin shinge don ya yi kama da na asali bai san abin da ya taɓa ba.

Shingen da aka zaɓa daidai aka kafa daidai ma yana tsufa. Ranar 28 ga Yuli 2013 wata bas ɗauke da masu ziyara ta rasa burki a gangaren babbar hanyar A16 kusa da Avellino a kudancin Italiya. Ta daki motocin da ke gabanta, ta goga katangar kankaren da ke bakin gadar Acqualonga, katangar ta ɓalle, bas ɗin ta faɗa ƙasa kusan mita 30. Mutum 40 suka mutu. Motar tsohuwa ce, takardar gwajin lafiyarta ta bogi, an kuma hukunta mai ita. Sai dai binciken bai tsaya a kan motar ba. An gano cewa ƙusoshin da suka ɗaure katangar da jikin gadar tsatsa ta cinye su, masanin da kotu ta naɗa kuma ya ce da katangar tana da lafiyarta da ta riƙe bas ɗin. An yanke wa wasu jami'an kamfanin da ke kula da hanyar hukuncin ɗauri. Daga waje katangar nan lafiya lau take, dubban direbobi suna wuce ta kullum. Irin wannan ɓoyayyiyar lalacewa ba ta tsaya ga tsatsa ba. Ruwa yakan zaizaye ƙasar da ke bayan turaku har su rasa abin jingina. Akan yi ta ƙara kwalta a kan kwalta har ƙarfen ya gajarce mota ta haye shi. Akan kuma bar wurin da aka doka bara ba a gyara ba, alhali ba a yi shingen ƙarfe don ya ɗauki duka biyu a wuri ɗaya ba.

Abin da masu suka ke cewa

Akwai masu cewa, to in haka ne shingen kansa abin kisa ne. Ba su yi ƙarya ba. Mutane suna mutuwa a jikinsa kowace shekara, sa shi kusa da kwalta kuma yana ƙara yawan karo, domin motar da a da za ta sauka fili ta dawo yanzu ta sami abin doka. Injiniyoyin hanya su ne farkon yarda da wannan. Tun shekarun 1960 binciken Kenneth Stonex a filin gwajin kamfanin General Motors ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na motocin da suka sauka daga titi suna tsayawa ko su dawo a cikin mita tara, in filin a share yake kuma ba shi da tsananin gangara. Daga nan aka tsara ƙa'ida: a cire abin da ke da haɗarin, in ba zai ciru ba a matsar da shi nesa, in ba zai matsu ba a ƙera shi yadda zai karye idan an doke shi, kamar yadda ake yi wa turakun fitila da alluna. Shinge kusan a ƙarshe yake zuwa, ba a kuma sa shi sai in dukansa ya fi sauƙi a kan dukan abin da ke bayansa. Don haka da kogin da ke ƙarƙashin gadar za a auna shi, ko da motar da ke tahowa a ɗaya hannun. Suwidin ta yi wannan awo a fili. Bayan majalisarta ta amince da manufar kawar da mutuwa a kan hanya a 1997, a 1998 aka ɗauki wani yanki na hanyar E4 a arewacin garin Gävle, aka mayar da shi layi uku, biyu a hannu ɗaya, ɗaya a ɗaya hannun, suna musanya bayan 'yar tazara, aka ja igiyar ƙarfe a tsakiya. Da farko jama'a ba su so abin ba. Motoci sun yi ta dukan igiyar, ma'aikata suna ta canja turaku. Amma da aka yaɗa tsarin, binciken cibiyar nazarin hanyoyi ta ƙasar ya nuna mace-mace a waɗannan hanyoyi sun ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, domin taho-mu-gama ta kusan ɓacewa. Aikin masu gyaran jikin mota ya ƙaru, jana'iza ta ragu.

Ƙorafin da ya fi wahalar amsawa shi ne na masu babur. Duk lissafin da aka yi a baya an gina shi ne a kan mutum yana cikin mota, jikinta zai lotse a madadin nasa. Mai babur idan ya faɗi a kwana a ƙasa yake zamewa, ya shige ƙarƙashin ƙarfen ya daki turke, turken da ke kwantawa a gaban mota mai tan biyu kuwa ba ya gusawa don ƙashin mutum. Wani nazari a Amurka ya gano cewa a 2005 masu babur da suka mutu a jikin shingen ƙarfe sun fi na cikin ƙananan motoci yawa, alhali babura kaɗan ne ƙwarai cikin abubuwan hawan ƙasar. Maganin shi ne a ƙara wani falle a ƙasa ya rufe turakun, yadda wanda ya zamo zai goge shi ya wuce. Sifaniya ta fitar da ƙa'idar gwajin irin wannan tun 2005, ana kuma sa shi a wuraren kwana masu haɗari a ƙasashen Turai da dama. A ƙasar da babur ke ɗaukar miji da mata da yara zuwa kasuwa, ɗauko shingen da aka zana domin motocin Amurka a kafa shi yadda yake, babu wannan falle, gajeren tunani ne. Ƙorafin ya tabbata a kan irin shingen da ake sayowa, amma bai kai ga a bar bakin gada a buɗe ba.

Wasu kuma suna ganin duk wannan kewaye-kewaye ne, laifin direba ne, a gyara direba. Gaskiya ne dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya, bas 90, tanka da tirela 60, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma tun kafa ta a 1988 take wannan kira. Da ana kiyayewa, da karo da yawa sun faɗo cikin iyakar da shinge ke iyawa. Amma gyangyaɗi yana kama direban kirki, sabuwar taya tana fashewa, mutum yakan kauce wa rami ko saniya. Ko inda direba ne ya yi ganganci, fasinjojin da ke bayansa ba su suka taka totur ba. Mai cewa ajali in ya zo ba makawa ya faɗi gaskiya, amma shi ma yana duba burkinsa kafin ya kama hanya, shinge kuwa sababi ne irin burki. Abin da ba zai yi ba shi ne ya ɗauke nauyin sauran. Wanda bai ɗaura bel ba, idan motar ta goga shinge ta karkata, shi jikinsa miƙewa zai yi ya daki ƙofa ko ya fita ta taga. Waɗanda suka hau saman lodin tirela tare da shanu ko buhuna kuwa, ko katangar ta riƙe tirelar, su babu abin da ya riƙe su.

A hanyoyinmu ba mota kaɗai ke lalata shinge ba. Ana kwance notuna da dare a kwashe fallayen a sayar wa 'yan gwangwan, a bar turaku tsirara, ko a bar bakin ƙarfe a buɗe yana kallon masu tahowa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: shingen da aka cire wa rabi ya fi rashinsa haɗari a daidai inda aka yanke. Ana kuma fasa katangar tsakiya domin a sami wurin juyawa ko tsallakawa, kowace kafa da aka buɗe tana haifar da baki biyu marasa kariya. Mutanen ƙauyen da tagwayen hanya suka raba da gonakinsu ko kasuwarsu suna da hujja, amsarta kuma ita ce a yi musu mahaya da wurin juyawa tun a zane, kada a jira su zo da guduma. Mai sayen ƙarfe a kan sikeli kuwa ba shi da uzuri, domin ƙarfe mai tudu biyu ba ya kama da komai, ya san daga inda aka ciro shi.

Aikin wannan darasi a waje yake. Kowane ɗalibi ya zaɓi gada ko kwana ɗaya a hanyar da yake bi, ya je da rana, ya tsaya ta bayan shingen, nesa da kwalta. Ya auna tsayin ƙarfen daga ƙasa ya ga ko ya kai santimita 70. Ya ƙirga notunan mahaɗa, takwas ake so. Ya duba yadda fallayen suka hau juna, domin wanda mota ke fara tararwa shi ya kamata ya kasance a sama, don kada gefen na gaba ya kama ta. Ya ga ko ruwa ya cinye ƙasar bayan turaku, da abin da aka yi wa bakin shingen, da abin da ke bayansa. Abin da ya gani ya rubuta shi da sunan wurin da kwanan wata, ya kawo aji, a haɗa a takarda ɗaya a miƙa wa mai unguwa da shugabannin tasha da ofishin ma'aikatar ayyuka mafi kusa.